Sufeton da Ke Duba Aji da Kunne

Akwai wani sufeton makarantu da ba ya duba aji da ido, da kunne yake dubawa. Makarantun firamare na gwamnati ashirin da bakwai ne a ƙarƙashinsa, amma babu ajin da ya taɓa shiga ya zauna ko na minti goma.

Idan ya zo makaranta, sai ya goya hannuwa a baya, ya bi baranda a hankali yana karkata kai. Ajin da ya ji karatu na tashi har tagogi na rawa, sai ya zaro jan biro ya rubuta "madalla". Ajin da ya ji shiru kuwa, malaminsa ya shiga uku. Shi ya sa malamai suka raɗa masa suna Sufeto Kunne, a bayan idonsa dai.

Shi ya fito da tsarin da ya kira "shafi ɗaya, murya ɗaya". Duk 'yan aji uku na gundumar, shafi guda za su ɗauka a mako. Malami ya faɗi layi, yara su amsa. Ya sake faɗa, su sake amsawa, har labarin ya zauna musu a ka. Kafin mako ya ƙare, yaro zai zubo maka shafin nan daga sama har ƙasa, idonsa na kan ƙadangaren da ke bango.

Ni dai a ganina, in wannan ne karatu, to aku ma ya cancanci takardar shaida.

A babbar makarantar gundumar, aji uku kashi biyu ne. Ɗaya na hannun wani malami da ake kira Lasifika, saboda in ya ja baƙi har masu shago na tsallaken titi suna iya amsawa. Ajinsa ne abin alfaharin Sufeto, har ya sa autarsa a ciki. Duk inda ya zauna sai ya faɗa: "Ni da nake magana, 'yata ma a makarantar gwamnati take. Ku je ku ji yadda take jan karatu."

Ɗaya kashin kuma na hannun wata mata da kowa ke kira Malama Sannu-Sannu. Yara hamsin da takwas ne a gabanta, littattafan karatu kuma guda tara, duk sun sha ɗinki. Ta yanka kwalaye ta rubuta baƙaƙe da gaɓoɓi a jiki, ta raba yaran rukuni-rukuni suna harhaɗawa a kan benci. Kullum tana kiran goma zuwa teburinta, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗora yatsa a kan kalma, wani lokaci a tsakiyar layi, wani lokaci daga ƙarshe, ta ce, "Faɗa mini wannan." In yaro ya yi shiru, ta jira. In ya kuskure, ta ce, "Sake dubawa, ba inda za mu."

Daga baranda ba ka jin komai a ajinta sai 'yar gunaguni kamar ta ƙudan zuma.

Tana da dalilinta. Ita kanta sai da ta kai aji biyar tana rera karatu da baki, ana yi mata tafi, ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Wata rana gwaggonta ta miƙo mata katin asibiti ta ce ta duba mata ranar komawa. Ta juya katin, ta sake juyawa, ta fashe da kuka. Gwaggon ba ta yi mata faɗa ba, ta nemo wata maƙwabciya da ta zaunar da ita ta koya mata daga farko. Shekara talatin ke nan, amma kunyar ranar ba ta bar ƙirjinta ba.

Ranar da Sufeto ya zo zagaye, ya wuce ajin Lasifika yana murmushi. Da ya iso ƙofarta sai ya tsaya cak. Ya karkata kunnen dama, ya karkata na hagu, sannan ya leƙa.

"Malama, rasuwa aka yi a ajin nan?"

Ta miƙe ta gaishe shi. "Ranka ya daɗe, karatu muke yi."

"Wane shafi kuke?"

"Wasu suna na tara, wasu na sha huɗu. Akwai bakwai da har yanzu muke kan baƙaƙe."

"Gunduma gaba ɗaya tana shafi na ashirin, ke kina na tara?"

"Ranka ya daɗe, ka shigo ka zaɓi duk yaron da kake so, ka nuna masa kalma. Minti biyar kawai."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ni za ki koya wa duba aji? Tun kina tsallen igiya nake wannan aikin." Ya rubuta abin da zai rubuta da jan bironsa a tsaye, ko bakin ƙofa bai tsallaka ba.

Bai tsaya nan ba. A taron malaman gunduma na ƙarshen wata, a gaban mutum sama da ɗari biyu, ya sa ta miƙe tsaye. Ya ce kowa ya kalli malamar ajin kurame. Ya ce akwai masu jan gunduma gaba, akwai masu riƙe mata zani. Aka yi dariya, har da waɗanda suka san gaskiya, domin mutum in yana tsoron jan biro, dariya ba ta yi masa wuya.

Ta tsaya har ya gama. Idonta ya ciko, amma ba ta bari ya zubo ba.

Bayan kwana uku takarda ta iso. An cire ta daga aji, an mayar da ita mai kula da siton littattafan gunduma, wani ɗaki mai ƙaramar taga a bayan ofishin hedimasta. Yaranta kuma an haɗa su da na Lasifika. Hedimasta ya miƙa mata takardar yana kallon ƙasa. "Malama, ki yi haƙuri. Ni ma umarni aka ba ni."

Abin da ya fi ƙona mata rai ba takardar ba ce. Daga siton tana jiyo su. Tana jin muryoyin da ta sani ɗaya bayan ɗaya suna narkewa cikin ihun Lasifika. Akwai wata 'yar mai wankin motoci da sai da ta yi wata biyu kafin ta haɗa kalmarta ta farko. Akwai ɗan mai gyaran takalma da ya fara karanta allunan shaguna a hanya yana tsayar da uwarsa. Malama ta san in aka yi zango ɗaya a haka, yatsun nan za su sauka daga kan takarda, idanu su koma bango.

A gida ta kasa cin abinci. Mijinta tela ne, kekensa na ɗinki a zaure. Ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya ya same ta ta yi tagumi.

"Malama, yau kuma wa ya kasa haɗa baƙi?"

"Maigida, bar zolaya. Sun raba ni da yarana."

Ya zauna ya ji labarin har ƙarshe, ya girgiza kai. "Wannan mutumin da tela ne, da jin ƙarar keke kawai zai ce riga ta yi kyau. Ki yi haƙuri, ki riƙe sitonki. Allah ba ya barci."

Ta shiga sito da tsintsiya da tsumma. A nan ta ga abin da ya sa ta zauna a kan kwali ta riƙe baki. Sababbin littattafan karatu na aji uku, kwali a kan kwali har rufi, na makarantu ashirin da bakwai, ko ledarsu ba a yage ba. Ta duba takardar da ke manne a jiki, sun kusa shekara a nan.

Ta tambayi hedimasta. Ya ce, "Sufeto ne ya ce a ajiye. Wai in aka raba, yara za su yayyaga, ranar da manyan baƙi suka zo a rasa abin nunawa."

Ku ji fa. Yara shida suna rububin littafi ɗaya mai ɗinki, sababbi kuma suna kulle suna jiran baƙi. Wallahi ko yanzu da nake rubuta muku, raina ɓaci yake yi.

Ba a daɗe ba kuwa baƙin suka tashi zuwa. Sanarwa ta zo cewa wata darakta daga ma'aikatar ilimi za ta zo ta ga yadda "shafi ɗaya, murya ɗaya" ya ta da gunduma, domin ana tunanin yaɗa tsarin zuwa wasu wurare. Sufeto ya kumbura. Aka yi wa baranda fenti, aka zaɓi yara sittin, aka sa Lasifika ya yi mako biyu yana tisa musu shafi na ashirin da huɗu, labarin wata akuya da ta cinye wankin da aka shanya. Autar Sufeto ce za ta ja, sauran su amsa.

Umarni ya zo sito: a ware sababbin littattafai sittin, amma kada a ba yara sai baƙi sun shigo harabar makaranta, don kada su yi datti.

Malama ta yage leda ta ciro guda. Halin malami, ta buɗe ta fara dubawa. Bangon iri ɗaya ne da tsohon, launi ɗaya, suna ɗaya. Ta kai shafi na ashirin da huɗu. Babu akuya. Sabon bugu ne, an sauya jerin darussan. Akuya ta koma can shafi na arba'in da ɗaya. A shafi na ashirin da huɗu yanzu darasi ne a kan yadda ake tsallaka titi.

Ta ɗauki littafin ta nufi ofishin hedimasta. Ya duba, ya share gumi, ya ce, "Malama, wannan ya fi ƙarfina. Mutumin nan ba ya son a gyara masa zance. Ki je ki faɗa masa da bakinki."

Da ta gaya wa mijinta, ya ajiye almakashi ya yi dariya har da buga cinya. "Ki ce Allah ya kama shi. Malama, ki ja bakinki ki yi shiru. Shi ya haƙa ramin, bari ya auna zurfinsa."

Ta ce, "Maigida, ba shi zai tsaya a gaban baƙi da littafi a hannu ba. Yara ne. Kuma wadda za ta ja karatun yarinya ce 'yar shekara tara. Na san abin da ake ji a irin wannan tsayuwar."

Ya daina dariya. "To Allah ya sa ya saurare ki."

Washegari bayan an tashi ta tafi ofishin gunduma. Ta zauna a benci awa biyu. Da aka shigar da ita, Sufeto na shan shayi yana gyara jawabinsa, bai ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, game da sababbin littattafan nan ne. Shafin da yara suka..."

"An ware sittin?"

"An ware. Amma don Allah ka buɗe wannan ka duba shafi na ashirin da huɗu."

Ta miƙa littafin da hannu biyu. Ko kallonsa bai yi ba.

"Malama, littafin nan na san shi kamar tafin hannuna. Na san abin da ya kawo ki. So kike a mayar da ke aji kafin baƙi su zo, ki samu wurin nuna kanki. Aikinki ƙirga kwali ne. Je ki ƙirga."

"Ranka ya daɗe, ba don kaina ba ne. Shafin ya..."

"Na sallame ki."

A bakin ƙofa ta yagi takarda ta rubuta layi biyu: an sauya jerin darussa a sabon bugu, akuya tana shafi na arba'in da ɗaya. Ta ba masinja ya kai masa. Ta tagar ofishin ta ga Sufeto ya karɓa, ya ninke ba tare da ya buɗe ba, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Ta gwada Lasifika ma. Ya ɗaga tsohon littafinsa da ya ci duniya ya ce, "Malama, kin rasa ajinki, kada ki ja mini in rasa nawa. Abin da Sufeto ya ce shi zan yi."

Ranar ta zo. Motoci biyu suka shigo da hantsi. Daraktar dattijuwa ce mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Ana gaisawa a ofis, aka zo sito a guje aka kwashi littattafan, aka raba wa yara. 'Yan ajin Lasifika arba'in aka jera a gaba. 'Yan ajin Malama ashirin aka tura baya, don cika benci kawai. Ita kuma aka ce ta koma sitonta ta rufe ƙofa.

Ba ta rufe ba. Ta tsaya a bakin ƙofar, daga inda take hango cikin ajin ta taga.

Sufeto ya yi jawabi mai tsawo. Sannan Lasifika ya daka tsawa: "Shafi na ashirin da huɗu!" Aka ji ƙarar sababbin takardu. Autar Sufeto ta miƙe, kitsonta sabo, ta ɗaga littafi daidai ƙirji yadda aka koya mata, ta ɗora yatsa ta ja:

"Wata rana akuyar Kaka ta shiga tsakar gida!"

Arba'in suka amsa har rufin kwano na amsawa. Sufeto ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Wasu yaran sun lura babu hoton akuya, amma ba a taɓa tambayarsu abin da suka gani ba, don haka suka ci gaba da rerawa, yatsunsu na tafiya a kan layukan tsallaka titi.

Daraktar ta karɓi littafi daga hannun wani yaro. Ta duba shafin. Ta cire gilashi ta goge, ta mayar, ta sake dubawa. Sannan ta ɗaga kai ta kalli bayan aji.

Benci huɗu na baya shiru suke. Yara ashirin, kowa ya sunkuyar da kai, yatsa a kan layin farko, leɓɓa na motsi a hankali, fuska a yamutse.

Sufeto ya buɗe ido ya ga inda take kallo. Ya matso da sauri. "Ranki ya daɗe, kada ki damu da waɗancan. Ragowar wata malama ce da muka cire saboda rashin ƙoƙari. Muna kan gyara su."

Daraktar ta ɗaga hannu, ajin ya yi tsit. Ta taka har baya, ta tsaya a kan 'yar mai wankin motoci.

"'Yata, me ya sa ba kya karatu da 'yan'uwanki?"

Yarinyar ta miƙe. Muryarta da ƙyar take fita. "Abin da suke faɗa ba shi ne a rubuce ba."

"Me ke rubuce?"

Ta ɗora yatsa. Ta yi ta ja gaɓa-gaɓa, tana tsayawa tana komawa. "Ka... fin... kafin ka tsal... laka ti... ti, ka tsa... ya. Ka du... bi dama."

A tsaye a bakin sito, Malama ta toshe bakinta da gefen mayafi. Hawayen da ta hana zuba a gaban mutum ɗari biyu, yau ba su nemi izininta ba.

Daraktar ta gwada na kusa da yarinyar, ta buɗe masa wani shafin daban. Ya karanta, da tuntuɓe amma ya kai. Ta gwada na uku, ta huɗu. A cikin ashirin ɗin, sha shida suka karanta. Huɗun da suka kasa ma sun faɗi baƙaƙen, suka ce nan suka tsaya da Malamarsu.

Sannan ta dawo gaba. Sufeto, don ya ceci ranar, ya yi kuskuren da ya fi kowanne. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ruɗewa ce ta sabon littafi. Gwada wannan, ita ce ta ɗaya a gunduma. 'Yata ce."

Daraktar ta dube shi kamar za ta ce a bari, amma ya riga ya turo yarinyar gaba. Ta sunkuya ta ɗora yatsa a kan kalmar farko ta shafin, ta ce a hankali, "Faɗa mini wannan kaɗai."

Auta ta kalli kalmar. Ta kalli Lasifika, ya kau da kai. Ta kalli ubanta.

"Karanta mana," in ji shi.

"Wata rana..." ta fara.

"A'a, 'yata. Wannan da yatsana ke kai."

Yarinyar ta yi tsaye. Littafin ya suɓuce ya faɗi, ta rufe fuska da hannu biyu. Cikin kuka ta ce, "Baba, ban sani ba. Ni ban taɓa sani ba."

Ba wanda ya yi motsi a ajin. Shekara uku Sufeto yana yawo da sunan yarinyar nan a taruka, bai taɓa zama da ita ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ba.

Malama ba ta san lokacin da ta bar bakin sito ba. Ta ratsa baƙi da ƙurar kwali a jikin rigarta, ta durƙusa ta rungume yarinyar, ta juya da ita yadda bayanta zai kare ta daga idanun mutane. Tana ce mata, "Ba laifinki ba ne. Ba a nuna miki ba ne. Yi shiru."

Daraktar ta ce, "Wace ce wannan?"

Kafin wani babba ya amsa, benci huɗu na baya suka ce, "Malamarmu ce."

Hedimasta, da ya ga inda iska ta juya, nan take bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin kwalayen da ke kulle, da zuwan Malama ofishin gunduma, da takardar da ta rubuta. Mutumin da jiya ya ce abin ya fi ƙarfinsa, yau shi ne mai shaida. Haka mutane suke.

Daraktar ta juya ga Sufeto. Ba ta ɗaga murya ba. "An gaya maka?"

Ya ce, "An kawo wata takarda."

"Ka karanta?"

Ya girgiza kai.

Ta ce, "To ashe ba yaran kaɗai ba ne ba sa duba abin da ke rubuce."

A makon nan aka buɗe sito, aka raba littattafan ga makarantu ashirin da bakwai. Aka soke "shafi ɗaya, murya ɗaya". Aka bi aji-aji ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya, abin da aka gani kuwa ba daɗin faɗa. An samu 'yan aji shida masu shirin fita da ba sa iya karanta sunan makarantarsu a jikin allo. Waɗannan wa zai mayar musu da shekarunsu? Babu.

Sufeto ba a kore shi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan ya tsaya mini a rai. An dai karɓe duba aji daga hannunsa, an bar shi da takardun ofis. Malama ta koma ajinta. Aka kuma tsara malaman aji ɗaya zuwa uku na gundumar su riƙa zuwa biyar-biyar suna zama a bayan ajinta, suna kallon yadda ake yanka kwali da yadda ake jiran yaro. Lasifika ma ya zo, kuma an ce ranar ce aka fara jin yana magana ƙasa-ƙasa.

Bayan kamar kwana goma, da la'asar, aka yi sallama a zauren tela. Mijin Malama ya ɗago daga keke ya ga Sufeto a tsaye, riƙe da hannun autarsa. Ya amsa sallamar, ya ba shi kujera, ya leƙa cikin gida ya ce, "Malama, kin yi baƙi. Manya."

Ta fito. Sufeto ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mata ba. Ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Malama, yarinyar nan tun ranar ba ta yarda ta je makaranta ba. Ta ce in ba ajinki ba, ba za ta koma ba." "Na zalunce ki. Na sani."

Malama ba ta ce ba komai ba, domin da komai. Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka yi mini na bar shi. Na yaran da suka fita ba su iya ba, ba ni ke da ikon yafe shi ba."

Ya sunkuyar da kai.

Ta durƙusa a gaban yarinyar. Ta ɗauki guntun allin da mijinta ke zana yadi da shi, ta rubuta baƙi ɗaya a kan siminti, ta kama yatsan yarinyar ta ɗora a kai. "Wannan za mu fara da shi gobe. Ni ma sai da na kai aji biyar kafin na san shi. Kin riga ni da shekara biyu."

Auta ta ɗago ta dube ta, ta ɗan yi murmushi.

Sufeto ya ce, "Zan riƙa biyowa in ji yadda take yi."

Malama ta miƙe ta karkaɗe hannunta. "Ranka ya daɗe, ajina ba a jin komai daga baranda. In kana son sanin yadda 'yarka take yi, sai ka shigo ka zauna."

Washegari da safe ya zo. Ya tsaya a baranda kamar yadda ya saba, hannuwa a baya. Ya daɗe a nan. Sannan ya sunkuya ya shiga, ya zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana kallon 'yarsa tana bin baƙin farko da yatsa.

Darasi: Ƙarar aji ba ita ce karatu ba, kuma gani ya kori ji. Shugaban da girman kai ya hana shi duba abin da na ƙasa da shi ya miƙo masa, kunyar da zai girba ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba, har 'ya'yansa za ta taɓa. Kai uba, ke uwa, kada haddar da yaro ke zubowa ta ruɗe ku. Yau ɗin nan ku buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba, ku ɗora yatsa a kan kalma ɗaya, ku jira. In ya kasa kada ku dake shi, ku zauna da shi. Ku tura wannan ga duk malami, da hedimasta, da iyayen da kuka sani, wataƙila akwai yaron da har yanzu yake rerawa yana jiran wanda zai tambaye shi.